Takalman da Na Tsallake

Mun tashi daga Changlun, can arewacin Malesiya, da asubar ranar Alhamis, ni da wani abokina Bazazzagi mai karatun lissafi. Ana sallame salla muka saɓi jakunkuna, don bas ɗin ƙasar nan ba ya tsayawa jiran ya cika kamar na Unguwa Uku. Lokacinsa na yi zai tashi, ko da kujeru kawai zai ɗauka. Abokina sabunta fasfo zai je yi a Kuala Lumpur. Ni kuwa, tunda kun matsa sai na faɗa muku, hukunci aka yanke mini: an tura ni kallon fim.

Kafin in zo karatu Malesiya na yi shekara takwas ina tace finafinai a wani ɗan ɗaki a Kano. Aikin mai tace fim a wurinmu shi ne ya yanke duk inda ba a magana kuma ba a waƙa. Furodusa zai tsaya a kanka yana cewa ka cire nan, mutane za su yi barci. Hannuna ya saba har ya zama ciwo. Ko wa'azi nake kallo a waya, yatsana yana kan wurin tura shi gaba.

Kundin digirina na biyu kwatance ne tsakanin yadda finafinan iyali suke ƙarewa a wurinmu da yadda suke ƙarewa a hannun wani daraktan Japan da ya rasu. Matata ta gwada faɗin sunansa sau uku ta haƙura, ta sa masa Tsohon Japan, mu ma muka bi. Na kalli finafinansa a kwamfuta cikin kwana huɗu, ina gudu da su, na rubuta babi guda a kan cewa shi ma da sulhu yake rufe labari kamar mu. Babbar hujjata ita ce fim ɗinsa na ƙarshe, inda maigida ya ɓace a tsakiyar labari, a ƙarshe kuma matarsa ta durƙusa a bakin ƙofa tana yi masa barka da dawowa.

Farfesar da ke duba aikina dattijuwa ce 'yar Malay, mai sanyin magana, irin waɗanda ba sa ɗaga murya amma ka kwana kana tuna abin da suka ce. Ta karanta babin, ta cire tabarau, ta tambaye ni ko na kalli fim ɗin. Na ce sau biyu ma. Ta ce a'a, na dai wuce ta gefensa. Ta ce za a nuna finafinan mutumin na kwana uku a Kuala Lumpur, in je in zauna a inda babu rimot. In na dawo da kuskurena a hannu, za ta sa hannu in shiga jarrabawar baki a wannan zangon. In ban gano shi ba, in nemi wani batun in fara daga farko. Wa'adin da aka ba ni daga gida kuwa saura wata biyar. Ba ta faɗa mini kuskuren ba, kuma na ji haushinta sosai.

Daga Changlun zuwa Alor Setar gonakin shinkafa ne shimfiɗe, kore shar, ruwa kwance a cikinsu, sai ka ce Kadawa da damina amma babu mutane a ciki. Mu da muka saba ganin gona cike da masu aiki sai mu yi ta mamakin wanda yake noma ta. Daga nan sai kwakwar manja, layi bayan layi, har ido ya gaji. Titi sumul, babu rami, babu shingen da za a tsayar da kai a ce ina takardu. Abin da kawai yake damun fasinja shi ne sanyin bas. Direbobin nan suna kunna na'urar sanyi kamar kifi suka ɗauko. Abokina ya naɗe kansa da rawani, ni na sa safa biyu.

Mun tsaya cin abinci a wani zangon matafiya kafin Ipoh. Na sayi nasi lemak, shinkafar da aka dafa da ruwan kwakwa aka ƙunshe a ganyen ayaba da gyaɗa da ƙananan kifi da yaji mai zaƙi, ringgit biyu da rabi. Shekara biyu ina ƙasar nan, har yau ban yafe musu zuba sukari a yaji ba, amma na cinye. Abokina yana shan shayin madara da ake ja daga kofi zuwa kofi, yana dubana yana dariya.

"Malam, wai seriously, awa bakwai a bas don kallon fim ɗin da babu waƙa? Ko ɗaya fa?"

Na ce ko ɗaya.

"Allah ya ba ka lada," in ji shi.

Bayan Ipoh duwatsu farare suka taso tsaye a gefen hanya, bishiyoyi a maƙale a jikinsu. Ruwan sama ya tare mu wajen azahar, irin na nan da yake zubowa gaba ɗaya ya ɗauke gaba ɗaya. Da shi muka shiga birni.

Mun sauka a unguwar Titiwangsa, a gidan wani dattijon ɗalibi mutumin Gusau da ke digiri na uku, hawa na sha ɗaya. Barandar benen doguwa ce, kowace ƙofa da tarin takalma a gabanta. Muna tafe mai masaukinmu ya kalli wata ƙofa ya ce maƙwabcinsa ya yi baƙi daga ƙauye, mu rage murya. Ban tambaye shi yadda ya sani ba, hankalina yana kan ƙamshin da ke fitowa daga gidan da za mu sauka. Maiɗakinsa ta yi mana tuwon shinkafa da miyar kuka, kukar da aka aiko daga gida ana ririta ta kamar magani. 'Yarsu ta gaishe mu da Hausa, amma da na tambaye ta makaranta sai ta amsa da Turanci, ta ƙare da "lah" irin na 'yan ƙasar. Ubanta ya girgiza kai ya ce kullum faɗan da suke yi ke nan.

Washegari Juma'a muka raka abokina wajen fasfonsa, sannan muka yi salla a Masjid Jamek, inda koguna biyu suka haɗu, ruwansu ja kamar kunun kanwa. Muka ratsa titin 'yan yadi na Jalan Masjid India, don matata ta ba ni saƙon hijabi da yadin batik. Masu shagunan Indiyawa ne da Malay, suna ganin baƙar fata da hula za su ce Nigeria, su fara ciro yadi mai ƙyalli. Ciniki a nan ba a jan sa kamar a Kwari. Ka taya sau ɗaya, ya ce boleh, wato ya yarda, ko ya ce ba zai yiwu ba, magana ta ƙare.

Silimar tana can saman wani katafaren kanti a Bukit Bintang. Jirgin da ke tafiya a kan dogo ɗaya muka hau, ya bi da mu ta tsakanin benaye har muna hango shanyar mutane. Ɗakin kallon ƙarami ne, bai cika ba. Akwai ɗalibai 'yan China da littattafan rubutu, da wasu tsofaffin Japanawa mazauna birnin da suka yi ado kamar za su ɗaurin aure. Mu biyu ne kawai baƙaƙe. Abokina ya ce tunda ya gama abin da ya kawo shi, zai zauna ya ga abin da ya hana ni barci.

Ranar farko finafinansa na ƙuruciya aka nuna, masu hoto baƙi da fari. Na barkwanci ne, labarin ƙananan ma'aikatan ofis da ke tsoron shugabansu kuma suna tsoron matansu. Na yi dariya a wurare, amma abin da ya dame ni shi ne duk bayan ɗan lokaci sai kyamara ta koma bakin ƙofar gida ta tsaya. Babu mutum, babu magana, sai dakalin katako da takalma a ƙasansa. Na duba agogo, wani tsayin ya kusa minti guda. A Kano da na bar wannan a fim, ranar zan bar aiki. Can na ji yatsana yana danna hannun kujera, yana neman maɓallin da babu. Abokina kuwa ya yi barcinsa mai daɗi har da ɗan minshari.

Na fito raina a ɓace. Kwana ɗaya ya tafi, ban ga kuskuren komai ba sai na Tsohon Japan da bai iya yanka ba.

Ranar Asabar, bayan fim na biyu, aka shigo da wata tsohuwa 'yar ƙarama da sanda, aka ce ita ce ta tace masa finafinai tun daga tsakiyar aikinsa har ya rasu. Jin haka na gyara zama, don abokiyar sana'a ce. Tana magana da yarensu, wani saurayi yana mayarwa da Turanci. Ta ce mutumin bai yi makarantar fim ba. A wani kamfani ya fara, yana ajiye kayan da ake shirya ɗaki da su: kofuna, laima, matasai, takalma. Ya fi shekara goma yana jera takalma a bakin ƙofa a finafinan wasu kafin a ba shi kyamara. Finafinan barkwancin nan kamfani ne ya ɗora masa, ya yi su don ya samu wurin zama. Da ya samu sai ya koma labarin gidaje: uba da 'ya, surukai, 'yan'uwan da suka daina magana. A nan sunansa ya fito har ƙasashen waje.

Sai kuma ya yi wani babban fim mai launi, na yaƙin zamanin da, da dawakai da ɗaruruwan mutane, fim ɗin ya faɗi warwas. Kamfani ya sallame shi. Ya yi shekaru yana tallan shayi da sabulu a talabijin, waɗanda suka yi masa fadanci suka daina ɗaukar wayarsa. Da ya dawo, ya dawo da ƙananan finafinai da yake ɗauka a gidansa na gado, da 'yan wasa biyar ko shida. Ta ce bai taɓa yarda a sa sabon takalmi a fim ɗinsa ba. Sai ɗan wasa ya yi wata guda yana yawo da shi, dunduniya ta cinye ta gefen da ƙafarsa take cinyewa, sannan a fara ɗauka.

Da aka ba da damar tambaya na miƙe. Na ce ni ma mai tace fim ne daga Nijeriya, kuma ina so in san me ya hana ta yanke hotunan bakin ƙofar nan, tunda babu abin da ke faruwa a cikinsu. Wasu suka juyo suna kallona. Tsohuwar ta yi dariya har ta rufe baki da hannu. Ta ce a fim ɗin farko da suka yi tare ta yanke su duka, ya zo ya gani, bai yi faɗa ba, ya tsugunna ya tsince su daga kwandon shara ɗaya bayan ɗaya. Sannan ta tambaye ni ko a ƙasarmu ana shiga ɗaki da takalmi. Na ce a'a. Ta ce to ni ba na buƙatar tafinta, in dai zauna kawai.

Na zauna ina jin kunya, amma har lokacin ban gane ba. Mun ci abinci a wani shagon mamak, wato na Indiyawa Musulmi, abokina yana ta maimaita tambayata da muryata yana ƙara mata gishiri.

Ranar Lahadi da hantsi aka nuna fim na ƙarshe, wanda na gina babina a kansa. Gida ne na mutum biyar: maigida ma'aikacin jirgin ƙasa, matarsa, 'ya'ya biyu da tsohuwar uwarsa. Kowace safiya matar tana durƙusawa a bakin ƙofa ta juya takalman kowa su fuskanci waje, don mai fita ya zura ƙafa kawai ya wuce. Kyamara sai ta tsaya a kansu. A kwamfuta duk waɗannan wuraren na tsallake, ina sauka inda ake magana. Yau babu yadda zan yi. Wajen rabin awa da farawa, abokina, wanda na ɗauka ya yi barci, ya zungure ni.

"Malam, count the shoes. Ɗazu biyar ne, yanzu huɗu."

Na ƙirga. Na tsohuwa babu. Babu wanda ya ce ta rasu, babu kuka, babu makara. An dai nuna suna cin abinci shiru, an rage kwano ɗaya. Can 'yar ta yi aure, suka koma uku. Ɗan ya tafi birni, suka koma biyu. Sai wata safiya aka ga maigida ya riƙe ƙirji a tasha, aka yanke, aka dawo bakin ƙofa. Takalmansa baƙaƙe suna nan. Washegari suna nan. Damina ta wuce, sanyi ya shigo, nata suna canzawa daga na roba zuwa na ɗumi, nasa ba su motsa daga inda suke ba. Kullum tana goge su, tana juya su su fuskanci waje.

"Wallahi mutumin nan ya mutu," in ji abokina a hankali. "Tun ɗazu ya mutu."

A hoton ƙarshe ta durƙusa kamar kullum. Ta ɗauki takalman, wannan karon ta juya su suka fuskanci cikin gida, kamar na wanda ya dawo ya cire. Ta ce barka da dawowa. Ƙofa a rufe take, babu kowa a bayanta. Wannan ne na rubuta shafi talatin ina cewa sulhu ne tsakanin miji da mata.

Da a ce kunyar babin kawai na ji, da da sauƙi. Mahaifina ya rasu ina ƙasar nan, ban samu jana'iza ba. Da na je hutu bayan wata bakwai, na tarar da tsofaffin takalmansa na fata a ƙofar ɗakinsa, an share kewayensu tsaf. An riga an raba gado, babu wanda ya kula su. Na yi wa ƙannena faɗa na ce wannan wane irin sakaci ne, na ɗauke su na ba wani dattijo maƙwabcinmu sadaka. Hajiya, mahaifiyata, tana zaune a tabarma tana kallona. Abin da ta ce kawai shi ne "To." Ni kuwa na ɗauka na yi aikin babban ɗa. A kujerar silimar nan, a tsakiyar Japanawa, na gane wanda yake share kewayen takalman. Na yi kuka, kuma ban ɓoye ba. Abokina bai tsokane ni ba, ya miƙo mini rawaninsa.

Mun koma Titiwangsa a jirgi. Da muka hau barandar benen sai na kama kaina ina duban ƙofofin mutane. Nan yara uku, nan ma'aikacin gini, nan an yi baƙuwa mai tsinin dunduniya. Abin da kowane Bahaushe yake yi ke nan tun yana yaro: ka ga takalmin namiji a ƙofar ɗaki ka san maigida yana ciki, ka ga tari a zaure ka san ana zaman makoki ko suna. Na san karatun nan tun kafin in san baƙi, amma da aka sa shi a fim sai na tura shi gaba.

Litinin da safe muka kamo hanyar arewa. Maiɗakin mai masaukinmu ta ƙunsa mana dambun nama, don haka ban sake faɗa da yajinsu mai sukari ba. A bas na buɗe babin na fara jan layi a kan abin da zan zubar. Kafin mu kai Ipoh na ga ba jan layi yake buƙata ba, sabon rubutu ne. Mun iso Changlun da la'asar, matata ta karɓi hijabinta ta ce launin bai yi ba.

Talata na shiga ofishin farfesa. Ban gama zama ba ta tambaye ni yaushe maigidan ya dawo. Na ce bai dawo ba, ya rasu tun a tsakiyar fim, kuma takalmansa ne suka faɗa. Ta mayar da tabaranta, ta jawo takardar ta sa hannu, ta ba ni sati uku in kawo sabon babi. Ta ce in na tashi kwatancen in duba abin da mu muke sa mutum ya faɗa da baki ko da waƙa, shi kuma yake barin kaya su faɗa. Na ce na gode, kuma wannan karon har zuciyata.

Abin da na samo a tafiyar nan bai wuce wannan ba: shekara takwas ina yanke wuraren da ba a magana, ina ganin ƙwarewa ce, har na koma yi wa mutanen gidanmu haka. Ƙarfe biyu na rana a nan bakwai na safe ne a Kano, don haka ina fitowa daga ofis na kira Hajiya. Bayan gaisuwa na ce mata ina neman gafara a kan takalman Baba da na bayar ban tambaye ta ba. Ta yi shiru. A da, da na ce ko layi ne ya yanke. Yau na jira.

"Allah ya yafe mana gaba ɗaya," in ji ta. "Ai ba su yi nisa ba. Malam ɗin da ka ba yana sa su zuwa masallaci. Kullum da asuba in ya bi ta bayan katanga ina jin takunsu, na hagun har yanzu yana ja."